Ɗan Shuɗin Gonar Wake da 'Yan Uwansa na Kan Duwatsu

A ƙarshen damina, wajajen watan Satumba zuwa farkon Oktoba, duk wanda ya shiga gonar wake a ƙasar Rogo ko Karaye da hantsi zai ga wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi yana shawagi a kan furanni. In ya rufe fukafukai bai fi girman farcen babban yatsa ba. Ba ya tashi a natse irin na manyan nan masu launin rawaya da fari. Fizge-fizge yake yi, ya yi nan ya yi can, sai ka ga wani shuɗi ya walƙa ya ɓace. Da ya sauka shuɗin ya tafi, sai launin ƙasa-ƙasa mai ratsin fari. Yawancinmu mun sha ganin sa tun muna yara, ba mu dai taɓa tsayawa mun dube shi ba.

Bara, a gonar kawuna da ke kusa da Rogo, na ɓare wani ɗanyen kwanson wake mai ɗan huji a gefe. A ciki akwai wata tsutsa koriya, gajeriya, mai faɗi kamar an danne ta, ta cinye ƙwaya biyu ta fara ta uku. Na nuna masa na ce, "Kawu, ka san wanda ya haifi wannan? Ɗan shuɗin nan ne da ke yawo a kan fure." Ya karɓa, ya jujjuya kwanson, ya ce, "To, ashe malam ma yana taɓa kayan mutane." A wurinsa duk tsutsar da ke cikin wake sunanta ɗaya, maganinta kuma ɗaya, wato feshi.

Masana kimiyya suna kiran wannan ƙwaro Lampides boeticus. Ni a nan zan kira shi ɗan shuɗin wake, don sauƙi. Faɗinsa in ya baje fukafukai kamar santimita uku ne. Namijin ne mai shuɗi sosai, wanda ya ɗan karkata zuwa shunayya. Macen ruwan ƙasa ce, sai ɗan shuɗi kusa da jiki. A ƙarshen kowane fiffike na baya akwai ɗigo biyu baƙaƙe da wani siririn zare kamar wutsiya. In ya sauka sai ya riƙa goga fukafukan bayan nan, zaren yana motsi, ɗigon kuma kamar idanu. Tsuntsu ko ƙadangare sai ya ɗauka can ne kan yake, ya kai cafka, ya tashi da guntun fiffike, shi kuwa ya tsira.

Yana cikin wani babban dangi da ake kira Lycaenidae, mai nau'i sama da 5,000 a duniya. Abin da ya sa na ga tarihinsa ya cancanci a ba da shi ne wannan: da yawa daga cikin 'yan uwansa shuɗɗa ba sa iya rayuwa sai a kan wani tsauni guda ko gefen wani tudu guda, wasu ma sun ƙare ƙurmus. Shi kuwa ana samun sa daga gonar wake a Rogo har tsaunukan Himalaya, a tudun da ya kai mita 3,000. Me ya raba su? Sai da aka shafe shekara sama da 200 kafin a haɗa amsar.

Sunan Andalus a gonar Rogo

Wanda ya raɗa masa suna shi ne Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin bai wa kowace halitta suna mai kalma biyu da Latin. A 1767 ya shigar da shi cikin bugu na 12 na littafinsa Systema Naturae da sunan Papilio boeticus. Ya rubuta cewa mazauninsa ƙasar Barbar ce, wato Afirka ta Arewa, wajajen Aljeriya ta yau. Amma kalmar boeticus ta fito ne daga Baetica, sunan da Rumawa suka bai wa kudancin Sifaniya, yankin da mu muka fi sani da Andalus. Daga baya, a farkon ƙarni na 19, wani Bajamushe mai suna Jacob Hübner ya fito da sunan Lampides, wanda ya zama kalmar farko ta sunan. Har yau shi kaɗai ne a wannan gida, ba shi da ɗan ɗaki.

Linnaeus bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Aiko masa ake yi da busassun ƙwari a cikin akwati, shi kuma ya duba ya ba su suna. Haka ilimin ya ci gaba da tafiya har tsawon lokaci: ƙwaron yana nan, akwatin da sunan suna can.

Kafin in wuce, bari in ɗan tsaya a kan shuɗin kansa, tunda mu mutanen ƙasar Kano ne, ƙasar baba da karofi, wadda Heinrich Barth ya yaba wa rininta da ya zo a 1851. Shuɗin marina sinadari ne da ke kama zare. Na fiffiken ɗan shuɗi ba haka yake ba, babu rini ko kaɗan a cikinsa. Garin nan da ke manne wa yatsa in ka kama malam-buɗe-littafi, ƙananan ɓawo ne jere kamar na kifi. A cikin kowane ɓawo akwai shimfiɗu sirara ƙwarai, da iska a tsakaninsu, waɗanda ke mayar da shuɗin haske zuwa ido su bar sauran launuka su wuce. Shi ya sa launin ke canzawa in ya juya, kamar yadda bakan gizo ke fitowa a kan man fetur da ya zuba a ruwa.

Daga Fanisau zuwa Bagzan

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shi ya buɗe wa masu tara ƙwari hanya. A ƙarshen 1919 wani tsohon soja ɗan Sikotlan, Kyaftin Angus Buchanan, ya sauka a Kano. Wanda ya aiko shi shi ne Walter Rothschild, attajirin Ingila da ya gina wa kansa gidan adana halittu a garin Tring. Buchanan ya yada zango a Fanisau, arewa da birni, inda gandun sarki yake, ya yi makonni yana tara tsuntsaye da ɓeraye da ƙwari. A takardun Turawa an rubuta wurin "Farniso", kuma har yau in ka duba asalin wasu halittu a littattafan kimiyya za ka ga wannan suna. Akwai wani ɓeran daji, Gerbillus nigeriae, da aka fara bayyanawa a 1920 daga abin da ya kama a can.

Daga Kano ya hau raƙumi ya nufi arewa, ta Damagaram da Damargu zuwa Agadas, ya shiga duwatsun Azbin. A 1920 ya hau dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta ɗan haura mita 2,000, kuma babu wurin da ya fi shi tsawo a Nijar. Ya tarar da ƙasar a tagayyare, ƙauyuka da yawa kango, domin shekara uku ke nan da Faransawa suka murƙushe boren Kawusan. Abin da ya kai shi shi ne tambayar da ke damun masana a lokacin: halittun da ke kan waɗannan duwatsu na tsakiyar Sahara, 'yan Afirka ta Arewa ne ko 'yan ƙasar Sudan? A 1921 Rothschild ya wallafa bayanin malam-buɗe-littafin da aka kawo masa a mujallarsa Novitates Zoologicae. A ciki har da wani sabon nau'i na dangin ɗan shuɗi daga arewacin Najeriya, wanda ya sa wa suna buchanani don girmama mai kamun.

Abu biyu nake so mai karatu ya lura da su a nan. Na farko, Buchanan ya yi aikinsa na Kano a tsakiyar hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe, wake ya daɗe da shiga rumbu. Wanda ya zo a wannan lokaci ba zai ga rabin abin da damina ke fitarwa ba. Na biyu, hanyarsa ta bi layin dogo ne sannan ta bi hanyar ayari. Karaye da Rogo suna kudu maso yamma, ba su kan ko ɗaya. Masu jan raƙuma da masu taya shi fiɗa da kamu su ma sunansu bai hau kan 'yan takardun da ake maƙala wa ƙwarin ba. Da Rothschild ya rasu a 1937, tarinsa na malam-buɗe-littafi da danginsu na dare, sama da miliyan biyu, ya koma hannun gidan tarihin halittu na Landan. Ɗalibin Kano da ke son ganin abin da aka kama a Fanisau, sai ya nemi biza.

Babban littafin da muke dogara da shi yau shi ne na Torben Larsen, ɗan ƙasar Denmak, Butterflies of West Africa, wanda ya fito a 2005 cikin juzu'i biyu, ya tattara nau'i kusan 1,500. Aiki ne na ban mamaki, amma mafi yawan nauyinsa yana kan dazuzzukan kudu, inda nau'o'in suka fi yawa kuma masu kamu suka fi zuwa. A karatun da na yi na ci karo da Kano da Zariya da Kaduna da Jos. Ban ci karo da Karaye ko Rogo ba.

Shekara miliyan bakwai, da kuma wake

Tarihin da ya fi wannan nisa sai a cikin jikin ƙwaron aka karanta shi. A 2008 David Lohman da Naomi Pierce da abokan aikinsu suka wallafa nazarin DNA na ɗan shuɗin wake guda 57 da aka tattaro daga sassan duniya. Abin da suka gano ya ba da mamaki. Sama da kashi 90 cikin 100 kusan iri ɗaya ne sak, ko da tazarar da ke tsakanin inda aka kamo su ta haura kilomita 9,000. 'Yan kaɗan ne daga Madagaska da Tailan da arewacin Ostireliya da wasu tsibiran Indunusiya suka bambanta. Lissafinsu ya nuna cewa kakan wannan ƙwaro ya rabu da 'yan uwansa a yankin Afirka kimanin shekara miliyan bakwai da suka wuce, sannan zuriyar da ke raye yanzu ta fara bazuwa aƙalla shekara miliyan ɗaya da rabi baya. Wato dai mai sunan Andalus ɗan gida ne, can ɗin ne ya je baƙunta.

Kamannin nan na DNA yana nufin ba sa zama wuri guda har su bambanta. Kullum suna kan hanya suna cuɗanya. A Turai duk bazara sukan taso daga bakin Bahar Rum su yi arewa, wasu har su tsallaka teku zuwa Ingila, inda aka fara kama shi a 1859, duk da cewa sanyin can ba ya barin su su kai baɗi. An same shi a tsibirin Hawai a 1882, ya kafu a Niyu Zilan a 1965.

Abin da ya ba shi wannan dama shi ne cikinsa. Macen takan ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a kan furen da bai buɗe ba. Tsutsar ta huda ta shiga, ta ci fure, in kwanso ya fito ta koma cikinsa ta ci ƙwaya. Ba ta zaɓe: wake, waken Turawa, biya-rana, da ɗimbin tsirrai masu kwanso na daji duk abincinta ne. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa mai fiffike bai fi wata guda ba. Duk inda ɗan Adam ya kai shuka mai kwanso, ya shimfiɗa masa tabarma ke nan. Wake kuwa a Afirka ta Yamma aka fara noma shi. An tono ƙwayoyinsa a yankin Kintampo na tsakiyar Ghana, masu shekara kusan 3,700. Yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake, Nijar na biye da ita. Tun kafin a gina ganuwar Kano manomi da ɗan shuɗi suke raba amfanin gona.

Su kuwa na kan duwatsu, yanayi ne ya kai su can. Ƙasar nan tamu ta sha canza kama. Akwai zamanin da rairayin Sahara ya gangaro har ƙasar Hausa. Jigayin da ke arewa da gabashin Kano ragowarsa ne, kamar yadda masanin ƙasa A. T. Grove ya bayyana a 1958. Akwai kuma zamanin, daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, da Sahara ta yi kore, tafkin Chadi ya zama kamar teku. Duk lokacin da aka yi irin wannan juyi, halittun da ke son sanyi da laima sukan bazu in ya yi musu daɗi, in ya ɓaci su haye tudu su maƙale. Shi ya sa ake samun zaitun na daji a duwatsun Azbin, shi ya sa kuma tsaunukan Mambila da Obudu ke da 'yan shuɗɗa irin su Uranothauma, waɗanda danginsu ke can tsaunukan Kamaru da Afirka ta Gabas. Tsauni a wurinsu kamar tsibiri ne. In ya lalace babu wurin gudu.

Sirrin da ke cikin ramin tururuwa

Sanyi kaɗai bai isa ya bayyana komai ba. Akwai tururuwa a cikin lamarin. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan dangi da aka yi nazarin rayuwarsu suna da hulɗa da tururuwa. A bayan tsutsar akwai wata 'yar kafa da ke fitar da ruwa mai zaƙi. Tururuwa su sha, su kuma su tsare ta daga zanzaro da sauran maƙiya. A wurin ɗan shuɗin wake wannan ciniki ne na ganin dama: in tururuwa sun zo, madalla, in ba su zo ba tsutsar za ta girma abinta. Wasu 'yan uwansa kuwa sun zurfafa har ba sa iya rayuwa sai da su, kuma ba kowace tururuwa ba.

Labarin da ya fi fito da wannan fili a Ingila ya faru, da wani nau'i da suke kira babban shuɗi, Phengaris arion. Tun ƙarni na 19 masana suka rasa inda tsutsarsa ke shiga. Takan ci furen wani ɗan tsiro mai ƙamshi, dangin tayim ɗin nan da ake sa wa a miya, na 'yan makonni, sai ta faɗo ƙasa ta ɓace. Sai a 1915 T. A. Chapman da F. W. Frohawk suka gano cewa jajayen tururuwa ne ke ɗaukar ta su kai raminsu, suna zaton 'yarsu ce. A can take zama wata goma tana cin 'ya'yansu. Ta shigo a matsayin marainiya, ta zama kura.

An san wannan, amma ƙwaron ya ci gaba da raguwa. Aka ɗora laifin a kan masu kamu. A shekarun 1930 aka killace wani fili a yankin Cornwall domin a kare shi, aka hana mutane shiga, aka hana dabbobi kiwo, aka daina ƙona ciyawa. Cikin 'yan shekaru ya ɓace daga filin. Daga 1953 kuma wata annoba ta kashe mafi yawan zomayen Ingila, waɗanda su ne ke aske ciyawar gefen tuddai. A shekarun 1970 wani matashin mai bincike, Jeremy Thomas, ya tare a wurin da ragowarsu suke a Dartmoor, yana bin ramukan tururuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya gano cewa a cikin jajayen tururuwa iri-iri da ke ɗaukar tsutsar, a ramin nau'i guda ne kawai, Myrmica sabuleti, take rayuwa da kyau. Ita kuma wannan tururuwa tana son ƙasa mai ɗumi, wato inda ciyawa take gajeriya rana na dukan ƙasa. Da ciyawa ta ƙara tsawo da 'yan santimita kaɗan sai ƙasa ta yi sanyi, wata tururuwar ta maye gurbinta. A ido fili yana nan kore shar, furen yana nan, tururuwa suna nan, amma gidan ya riga ya rushe.

Amsar ta zo a makare. A 1979 aka bayyana cewa babban shuɗi ya ƙare a Ingila. Sai dai da yake an riga an fahimci dalili, aka mayar da shanu da tumaki filayen, tururuwar ta dawo, aka ɗebo ƙwaron daga Suwidin a farkon shekarun 1980 aka sake shi. Yau yana nan da yawa a kudu maso yammacin ƙasar. Wani ɗan uwansa na tsaunukan Alps da Pyrenees, wanda ake kira rebeli, ya ma fi shi wayo. A 2009 aka nuna cewa tsutsarsa tana kwaikwayon sautin da sarauniyar tururuwa ke yi, har ma'aikatan ramin su fifita ta a kan 'ya'yansu.

Kada a ɗauka wannan al'amarin Turai ne. Afirka na da nata, kuma sun fi yawa. Akwai gidan Lepidochrysops, mai nau'i sama da 100, kusan duk a wannan nahiya, wasunsu a filayen ciyawa na arewacin Najeriya. Tsutsarsu takan fara da furen tsirrai dangin ɗoɗɗoya, sannan manyan tururuwa da ake kira Camponotus su ɗauke ta su kai rami, ta ci 'ya'yansu. Da yawansu a ɗan ƙaramin wuri suke zaune, kuma 'yan makonni kawai suke tashi a shekara. Wanda ya zo a watan da ba nasu ba zai rantse babu su.

Mu dawo gida

Karaye da Rogo ba su da tsauni irin na Mambila, sai duwatsu nan da can da fako da bakin rafi da gonaki. Amma in ka san abin da kake nema, kusan kowace bishiya da ɗan shuɗinta. Magarya da kurna suna ɗauke da Tarucus, masu ɗigo-ɗigo baƙi a ƙasan fiffike. Bagaruwa da sauran itatuwan ƙaya suna da Azanus, masu cin fure. A ƙasa, cikin tsidau da alayyafon daji, akwai Zizeeria knysna da ke tashi dab da ƙafarka. A kan baba da danginsa na daji akwai Freyeria trochylus, wanda faɗinsa kimanin santimita ɗaya da rabi ne, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. A gonar wake kuma ɗan shuɗinmu yana da abokin ci, Euchrysops malathana. Waɗannan duk sun saba da mutum. Gonar gargajiya ta ƙasar Hausa, mai gero da dawa da wake a haɗe, da itatuwa a tsaye a tsakiya, da shinge, da saura da ake bari ta huta, da shanun Fulani da ke bi bayan girbi, ita ce mazauninsu na ɗaruruwan shekaru.

Wannan gona ce ke canzawa a idonmu. A 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙaramar hukumar Karaye, mai tsawon kusan kilomita takwas. Ruwa ya rufe ƙasa mai yawa, noman rani kuma ya samu. Ga ɗan shuɗin wake wannan riba ce, domin duk inda aka samu kore da fure a tsakiyar rani ya samu wurin hayayyafa. Saura ta yi ƙaranci saboda yawan jama'a. Magarya da bagaruwa suna tafiya a itacen girki da gawayi. Maganin kashe ciyawa ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, kuma ba ya bambanta tsidau da ɗoɗɗoya. Maganin ƙwarin da ake fesa wa wake shi ma ba ya tambayar suna, yana kashe tsutsa da tururuwa da zanzaron da ke cin tsutsar.

Ba ina cewa kawuna ya daina feshi ba ne. Wanda bai taɓa ganin gonar wake da ƙwari suka gama da ita ba shi ne zai faɗi haka. Sai dai babban ɓarawon ba ɗan shuɗi ba ne. Wata tsutsa ce, Maruca vitrata, 'yar wani ƙwaro mai tashi da dare, doguwa, fara-fara mai ɗigon baƙi, wadda ke ɗaure fure da kwanso da zare kamar na gizo-gizo. Saboda ita ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin waken nan SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda aka sa wa sinadarin da ke kashe ta daga ciki domin a rage yawan feshi. Manomin da ya iya bambanta doguwar tsutsa mai zare da gajeriya mai faɗi ya san lokacin da feshi ya zama dole da lokacin da asarar kuɗi ce kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ɗan shuɗin wake zai iya ruɗin mu. Shi ba zai ƙare ba. Ko an kashe na Rogo kaf, wasu za su iso daga Makarfi ko Ƙafur kafin wata ya zagayo. Muddin muna ganin shuɗi yana walƙawa a gona za mu ce lafiya lau. Waɗanda za su tafi shiru su ne masu sharaɗi, masu buƙatar tsiro kaza da tururuwa kaza a gefen dutse kaza. Ingila ta rasa nata alhali tana da masana da suka shekara 100 suna bin sa da rubutu. Darasin Cornwall kuma ya kamata ya sa masu son kare muhalli a nan su yi hattara da saurin cewa a kori makiyayi a kafa waya. Wani lokaci bakin saniya ne ke riƙe da wurin.

Aikin da Buchanan ya yi da raƙuma da akwatuna, yau wayar hannu ta isa a fara shi. Hoton ƙasan fiffike ake buƙata, lokacin da ƙwaron ya sauka ya rufe, domin a nan ake bambanta nau'o'in, ba a shuɗin sama ba. Sai kwanan wata, da sunan ƙauye, da sunan tsiron da aka gan shi a kai, da Hausa ma ya wadatar. Manhajar iNaturalist tana karɓar irin waɗannan hotuna kyauta, masana daga ko'ina su taya tantancewa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga farkon damina zuwa ƙarshen kaka, watannin da mai kamun 1919 bai gani a Kano ba. Wurin da ya fi dacewa kuma shi ne kan dutse ko tudun da ya fi tsawo a kusa, domin mazan nau'o'i da yawa, har da ɗan shuɗin wake, sukan taru a ƙololuwa da rana suna jiran mata, kowa yana korar kowa daga ɗan reshen da ya kama.

Akwai irin wannan dutse a bayan gonar kawuna, da magarya biyu a gindinsa. Ya yi niyyar sare su bana ya ƙara kunya huɗu. Na roƙe shi ya bar su zuwa kaka, in zo in ga abin da ke kansu. Ya ce ya ji, amma in taho masa da buhun taki.